Hannun Dionis

"Tamanin da huɗu," in ji Fausto, yana duba na'urar auna gudun ƙwallo. Ya rubuta da alli a bangon rumfa.

Yayarsa Eladia tana bakin filin besbol ɗin, wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, tana juya agada a mai, ba ta ko ɗago kai ba. Yaron da ke jifa a tsakiyar fili, dogon nan mai kunnuwa fato-fato, duk San Pedro ta san shi da Dionis ɗan Eladia. Fausto ne ke horar da shi.

Wakilan ƙungiyoyin Amurka ɗan shekara goma sha shida suke nema. In ka kai sha tara, ko wuta kake jefawa ba mai waiwayarka. Dionis kuwa saura 'yan watanni ya cika sha shida a takarda.

"Wata shida kawai, Yaya," Fausto ya ce mata tun farko. "In hannun bai yi ba, shi ke nan, Dionis ya dawo miki."

Hannun kuwa sai da ya yi. A watan Maris alli ya rubuta tamanin da bakwai. A Yuni, casa'in. Yaron ya koyi wani jifa da ƙwallo ke karyewa a gaban mai sanda, sai ka ga ƙato ya kai wa iska duka ya yi zaman 'yan bori. Fili ya ɗauki ihu. Duk lokacin da lasifika ta kira sunan, sai Eladia ta ƙona agada.

"Haba Eladia, ɗanki zai hau jirgi kina ɓata rai kamar an ci ki tara!" in ji Mirta mai sayar da ruwan rake. "Ba ni shi mana in ba kya so."

Eladia ta yi murmushin dole. Tsoro take ji, ba na wasa ba: in suka ɗauke shi, Dionis ya tafi ke nan har abada. Akwai ranar da ta durƙusa a coci ta kama kanta tana roƙon gwiwar hannun nan ta ɗan yi tsami. Ta tashi da kunya, ta je ta dafa masa shinkafa da wake, ta cika kwano.

A ƙarƙashin gadonta akwai ɗan gwangwanin baƙin fenti da buroshi. Ta saya tun bara, ba ta buɗe ba.

Da alli ya kai casa'in da biyu, sai ga mai bincike daga wata ƙungiyar Amurka ya zo tabbatar da shekaru. Ya zauna a kujerarta, Fausto na tsaye a bakin ƙofa yana murza hula. Bayansa ana hango gidansa mai yoyo da 'ya'yansa mata huɗu.

"Mama, ke kika haifi Dionis?"

"Ni na haife shi."

Ta faɗi ranar, ta faɗi sunan ungozoma. Ta ce ana ruwa, ana ƙona gonar rake, kuma da gashi cike da kai ya zo. Hawaye na zuba, amma ba ta yi inda-inda ko sau ɗaya ba. Kalma guda ta rage a bakinta. Ta dubi ƙanenta, ta haɗiye.

"Na zaga gidaje da yawa," in ji mutumin yana rufe jaka. "Wannan kam uwa ce."

Aka sa hannu a kwantiragi. Unguwa ta yi kiɗa, aka buga sunan a bayan riga da manyan haruffa. Yaron ya rungume ta, ya ce a kunnenta, "Ki yafe mini." Ta shafa kansa, don shi ba ruwansa.

Ranar biyu ga Nuwamba, ranar da kowa ke zuwa gyara kaburburan nasa, Eladia ta shiga motar ƙauyensu na cikin gonakin rake da gwangwanin a jaka. Mutane na ta wanke duwatsu suna sabunta rubutu. Ta wuce can kusa da katanga, ta cire ciyawa, ta goge wani ɗan gicciyen siminti da babu komai a jikinsa. Ta ɗauko buroshin, ta riƙe shi, ta mayar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da zazzaɓi ya kwantar da Dionis ɗinta a nan yana ɗan shekara biyar, ba wanda ya kai labarin rasuwarsa ofishin rajista, kuma yanzu da ɗan Fausto mai shekara sha tara, dogon nan mai kunnuwa fato-fato, ya tafi da takardar haihuwarsa, ko sunansa ba ta isa ta rubuta masa ba.