Ɗumin Ƙura

Ta kaɗa sabulu a bokiti ke nan, za ta ciro rigar aikin mijinta daga bayan ƙofa ta wanke, sai 'yarta da ta zo hutu daga jami'a ta miƙo mata wani hoto baƙi ƙirin, da ɗigon ja a tsakiya.

"Mama, garken taurari ne wannan, na tun farkon halitta. Ƙura ta lulluɓe su, ido ba ya ganinsu."

"To, yaya aka yi aka gan su?"

"Ƙurar ce ta shanye haskensu ta ɗau zafi. Zafin na'ura ta hango."

"Suna nan har yanzu?"

"Ƙila sun daɗe da mutuwa. Ɗuminsu ne dai bai daina isowa ba."

Uwar ta dubi rigar. Ranar da Kaduna ta kama da wuta, soja ba su cika shekara da sauka ba, mijin ya taso daga masaƙar Kakuri, ya rataye rigar, ya ce bari ya haye gada ya dubo ƙanensa. Hayaƙi ya haɗiye shi. Ba gawa, ba kabari. Matan zumunta sun sha fama da ita ta wanke rigar ta bayar, sai yau ta amince.

Ƙurar auduga tana nan a kafaɗun, yadda ya shigo da ita. Rana ba ta taɓa leƙa lungun nan ba.

Ta ɗora tafinta a kai. Da ɗumi.

"Zubar da ruwan nan," ta ce a hankali. "Babanki bai gama isowa ba."