Baftisma Bakwai a Ranar Asabar

Tanner Bybee na saman tsani, farar ƙasa na ɗiga a kan nektayinsa, yana yi wa wani tsoho bayanin inda rai ke zuwa bayan mutuwa. Shekararsa sha tara, ko gemu bai fara ba, amma a ƙirjinsa akwai baƙin bajo mai cewa Elda, wato dattijo. Cocin Mormon ne ya turo shi daga Idaho zuwa tsaunukan Bolibiya ya ceto mutane.

Wata goma sha huɗu ke nan, ko kaza bai ceto ba. Yayansa ya yi wa mutum arba'in baftisma a Brazil, kuma uwarsu ba ta taɓa rubuto wasiƙa ba tare da ta tuna masa ba. Shi kuwa abin da ya tara bai wuce cizon kare biyu da gudawa uku ba.

Da aka sauya masa gari, aka haɗa shi da Elda Yucra, ɗan ƙasa, mai ƙarancin magana. Bybee ya ɗora masa jakar littattafai tun ranar farko, yana kuma gyara masa addu'a da gurgun Sifaniyancinsa.

A mako na biyu suka ƙwanƙwasa wata ƙaramar ƙofa a lungun bayan kasuwa. Wani tsoho mai baƙin wando da tsohuwar suwaita ya buɗe, ya dube su daga sama har ƙasa, ya yi murmushi.

"Ku shigo, 'ya'yana. Na daɗe ina son in ji ta bakinku."

Yucra ya buɗe baki zai yi magana. Bybee ya taka masa ƙafa, ya ce, "Bar ni da shi." Yucra ya bar shi da shi.

Tata Nicanor ake kiran tsohon. Ba mata, ba 'ya'ya, sai wata dattijuwa, Doña Felisa, da ke dafa masa miyar gyaɗa. Yana da tambayoyi masu daɗi, kuma in Bybee ya kawo aya ya manta ƙarshenta, tsohon kan ƙarasa masa. Mata na shigowa da ƙwai da dankali, su sumbaci hannunsa su fita. Bybee ya rubuta wa uwarsa cewa mutanen nan akwai girmama tsofaffi.

Matsala ɗaya ce, Tata ba ya samun zuwa sujada ranar Lahadi. "Ranar ce aiki ya fi yi mini yawa," in ji shi. Bybee ya yi masa wa'azi mai zafi a kan tsarkake Lahadi, tsohon ya saurara da kai a sunkuye, kafaɗunsa na rawa. Bybee ya ɗauka kuka yake.

Sai kuma kunnen Tata ya zama ba ya jin darasi sosai sai ana aiki. Darasin farko, suka gyara rufin kicin. Na uku, suka kwashe kashin tattabaru buhu shida. Daga na biyar aka shiga shafe wata doguwar katanga mai tsayin gaske da ta tashi daga tsakar gidan ta bi lungun. Bybee a saman tsani, Yucra na riƙe da shi, tsohon a inuwa yana kurɓar shayin da addinin Bybee ya hana.

"Ɗan'uwa," Yucra ya ce wata rana, "ka taɓa zagaya katangar nan ta gaba?"

"Riƙe tsani, malam. Ni ne babba."

Ranar da aka gama shafe, hannuwan Bybee duk sun tsage. Ya sauko, ya tattara ƙarfin hali, ya tambayi tsohon ko ya shirya wa baftisma.

"Kullum a shirye nake, ɗana. Asabar da ƙarfe goma. Mutum bakwai ne ma."

Bybee ya tambaya ko bakwai ɗin sun san darussa.

"Ba su san komai ba, amma ba sa gardama. Kada ka damu da ruwa, ina da wuri. Ku biyo ta ƙofar gaba, ta dandali."

A ranar Bybee ya buga wa shugaban mishan waya. Shugaban ya karanta sunansa a gaban 'yan mishan sittin, ya ce su yi koyi. Uwarsa ta sanar a cocinsu na Idaho, har da hawaye. Bybee ya wanke fararen kayan baftisma da suka yi wata goma sha huɗu a ƙasan akwati, ya goge su sau biyu.

Asabar ta zo. Ya fito fari fat tun daga wuya har ƙafa, shugaban da matarsa na biye da shi da kyamara, sun yi tafiyar awa huɗu a mota. Yucra ne a gaba, yau har da fito yake yi da baki.

Suka bi katangar da Bybee ya shafe, tana ƙyalli a rana. Suka sha kwana, katangar ta sha kwana tare da su, ta kai su dandali, ta ƙare a jikin wata babbar ƙofar katako. Ƙararrawa na kaɗawa a sama. Mata bakwai na tsaye a layi, kowace da jariri cikin farin leshi.

Shugaban ya sauke kyamara a hankali. Bybee ya juya ga Yucra.

"Ka ce in bar ka da shi," in ji Yucra.

A ciki, gaban kwamin dutse na baftisma, Tata Nicanor ya karɓi jariri na farko, ya hango Bybee, ya ɗaga masa hannu daga cikin doguwar rigar da ya shekara talatin yana sawa a matsayin Fadan cocin Katolika na garin.