Ofishin da Ba a Kwana a Ciki

Jami'ar haraji ta shafa sabon fentin ɗakin da ta zo bincika, ta duba tebur da kwamfuta. Gumi ya karyo wa Curtis, mai gidan. Ya cire kuɗin gyaran ɗakin daga harajinsa da sunan ofis, kuma doka ta ce ofis ba wurin kwana ba ne.

Sai ta ga a bango irin ƙarfen da tsofaffi ke riƙewa don su miƙe. Ta juya ga mahaifiyarsa, Loretta.

"Mama, ɗakinki ne wannan?"

"Da can, 'yata. Marigayi ubansa ya gina min. Yanzu a gareji nake kwana, ni da mota. Ɗana ba ya ƙarya."

Jami'ar ta rufe jakarta. "Ka bi doka, yallaɓai."

Doka ta wanke shi. Shi kuwa ya kasa ɗaga kai ya dubi tsohuwar.