Rijiya Ta Ɗau Zafi

Tsani ya karye, mai awon ruwa ya rufta cikin rijiyar gwaji. Ruwa iya ƙirji, ƙafa ta ƙi takuwa. Ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe.

Sai ya tuna da na'urar da ke aika zafin ruwan zuwa ofis. Ya cusa ta a hammata, yana addu'ar wani ya lura.

Aka kuwa lura.

"Oga, ruwan rijiyar nan ya ɗau zafi kamar jikin mutum," in ji sakatariya.

Oga ya zari makullin motarsa. "Na'urar ce ta lalace. Tura wa mai awo saƙo ya duba ta ranar Litinin. Ni na tafi gida."

Can sama, a bakin rijiya, wayar mai awo ta yi ƙara.