Hasken Tsohon Shago

Mutane na cewa tsohon nan mai sayar da madubi bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Ko ƙafarka ya taka, ƙafar ce ta tare masa hanya.

Yau ya shigo ɗakin autarsa da rantsuwa a baki: kwamfutar nan sai ta bar masa gida.

Ya nuna wata na'ura a cikin kwamfutar. "Wai wannan ne katin da ke zana hoton? Fanka har uku, duk don wasan yara?"

"Gigabait sha shida gare shi, Baba. Kowane zaren haske sai ya bi shi har inda ya faɗa. Zauna ka gani."

Ya ƙi zama. Fankokin suka soma juyi, allon ya waye.

Sai ga shagonsa da aka rushe bara, autar ta sake gina shi cikin wasan. Hantsi ya shigo ta taga, wannan madubi ya miƙa wa wancan, har hasken ya sauka kan kujerar da marigayiya matarsa ke zama tana jiransa.

Ya miƙa hannu, yatsunsa suka tsaya a kan gilashin allon. Sannan ya zauna.

"Auta," ya ce a hankali, "ki yi haƙuri. Ki yafe wa tsohonki."