Kwalba Mai Ƙura

Gwanin ɗanɗano ya kurɓi jar giyar, ya juya ta a baki, ya tofar a tasa kamar yadda gwanaye ke yi. Duk muka zuba masa ido. Makin da zai rubuta ne zai bar gonar inabinmu cikin manyan gonakin giya na yankin Bordo, ko ya mayar da mu abin dariya. Shi ya sa tun farko na shiga ma'ajiyar ƙasa na ɗauko masa kwalbar zamanin yaƙi, wadda ƙura ta rufe ruf.

"Wannan ai tarihi ne," in ji shi, har da ƙwalla. "Ina jin ƙanshin asali, shekara ɗari uku cur." Ya ba mu ɗari bisa ɗari.

Motarsa na fita, Kaka ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Kai ja'iri, a wane layi ka ɗauko ta?"

"Na bakin ƙofa."

"Giyar leburori ce! Da sojojin mamaya suka zo kwasar ganima, ni da uwata muka ɗura ta a kwalabe, muka manna mata takardun giyar manya. Ƙurar ma daga dardumar falo muka kakkaɓo. Suka kwashi rabi, suna ta godiya."

Na dube ta. "To, ta gaskiyar fa, Kaka?"

"Ranar da suka tafi muka juye ta a bokiti muka shanye, mu da masu tsinkar inabi." Ta lashe leɓe. "Kuma babu wanda ya tofar."