Ba Wutar Walda Ba Ce

Kwana tara ke nan fatar idon Tartsatsi na dama ta sauko rabi, ta ƙi komawa. Mai walda ne, shekara goma sha shida yana sana'ar. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, har ya bi shi gida.

Ciwon ido ba baƙonsa ba ne. Duk mai walda ya san shi. Haske ya shige ka a wurin aiki, ka yi ta hawaye kamar an watsa maka yashi, a ɗiga maka madara, washegari ka tashi garau. Shi ya sa da abin ya fara da sara a bayan ido, bai tsaya wani tunani ba. Ya ce wuta ce.

Sai dai wannan bai zo da hawaye ba. Idon ko ja bai yi ba. Abu ɗaya ne: komai biyu yake gani. Guduma biyu, ƙarfe biyu. Ya kai hannu zai ɗauki kofi, ya damƙi iska.

Da safe matarsa ta tare shi a bakin ƙofa, ta juya fuskarsa wajen haske.

"Baban yara, tsaya. Idon nan ya kauce gefe. Kuma ɗigon tsakiyarsa ya buɗe, ya fi na ɗayan girma."

"Yaushe kika zama likita ban sani ba?"

"Shekara sha ɗaya ina ɗiga maka madara. Na san idon wuta. Wannan ba shi ba ne. Don Allah mu je asibiti."

"Ƙofar makarantar nan da nake haɗawa, Alhamis za a ɗauka. In na gama, sai mu je."

Ta saki haɓarsa.

A wurin aiki, maƙwabcinsa mai fenti, dattijo mai son barkwanci, ya dube shi ya yi dariya.

"Kai kuma wa kake kashe wa ido tun da safe?"

"Bari kawai, Baba. Ku biyu nake gani."

"To ka gaishe mu duka." Ya laluba aljihu, ya fito da baƙin salatif. "Rufe gefe ɗaya na tabaraunka. Idon ya huta, aiki ya tafi."

Tartsatsi ya liƙe gilashin dama. Nan take duniya ta koma ɗaya. Ya ja layin walda miƙaƙƙe, ya tsaya yana kallonsa yana murmushi. Da ya koma gida ya ce wa matarsa ya samu magani.

Ta ce, "Rufe shi ka yi. Ba warkewa ka yi ba."

Ciwon kan bai tafi ba. Ya riƙa haɗiyar ƙwayoyi daga kanti, biyu da safe, biyu da rana.

Ranar Alhamis da hantsi, saura masa ƙarfe ɗaya ya liƙa. Mai fenti ya ji ƙarar injin ta tsaya. Da ya waiwaya, ya gan shi a durƙushe, hannu biyu a ka.

"Baba, kaina. Wani abu ya fashe."

Ya yi amai, ya kife a gefen ƙofar.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa. Likita ta kira matar da dattijon cikin wani ɗan ofis. Ta tambaya tun yaushe fatar idon ta sauka. Matar ta ce yau kwana sha biyu. Likitar ta ajiye biro.

"Idonsa lafiya lau yake," in ji ta. "Ido ba shi yake juya kansa ba. Akwai jijiyoyi da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa, su suke motsa shi. Ɗaya daga cikinsu ita ke ɗaga fatar ido, ta juya ƙwayar, ta tsuke ɗigon tsakiya. Wata hanyar jini ce ta kumbura a cikin kansa, ta danne wannan jijiyar. Abin da kuka gani a idon, saƙo ne daga ciki. Yau kumburin ya fashe."

Matar ta ce, "Da mun zo tun farko fa?"

Likitar ta ce, "Ba na yin alkawari a kan rai. Amma irin wannan, in an gan shi kafin ya fashe, ana iya ɗaure shi."

Mai fenti ya sunkuyar da kai. Har suka fito bai ɗago ba.

Tartsatsi bai farfaɗo ba. Ya cika kafin la'asar. Ya bar yara uku, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

Bayan kwanaki dattijon ya kawo wa matar kayan aikin Tartsatsi gida a cikin buhu. Tabaraun ne a sama, salatif ɗin na nan liƙe.

"Ni na ba shi," ya ce. "Wallahi taimako na yi niyya, 'yata."

"Na sani, Baba. Ni ma na gani, na ce mu je asibiti sau ɗaya, na yi shiru."

Ta sa farce ta ɓare salatif ɗin a hankali. Gilashin da ke ƙarƙashi tas yake, ko ƙura babu.

Mai karatu, ba kowane ciwon ido ne yake a ido ba. In fatar ido ta sauka haka kawai, ko ido ya karkace, ko mutum ya fara ganin abu biyu, balle da ciwon kai, a kai shi asibiti a ranar. Rufe idon yana ɓoye alamar ne kawai, ciwon yana can ciki yana aikinsa.